Isobel Wylie Hutchison: Matar da Ta Bi Furanni Har Ƙasar Ƙanƙara

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban wannan zama, malamaina, 'yan uwa ɗalibai, da baƙinmu da suka taso daga nesa, barkanku da zuwa.

Matar da za mu yi magana a kanta yau sunanta Isobel Wylie Hutchison, 'yar ƙasar Sikotland, mai tattara tsirrai a ƙasashen da ke can ƙuryar arewacin duniya. Kafin mu shiga, bari in kawar da wani ruɗani da ɗaliban ilimin tsirrai kan faɗa ciki. A ƙarshen sunayen kimiyya na wasu tsirran ƙasarmu kuna ganin an rubuta "Hutch. & Dalziel". Wannan Hutch ɗin John Hutchinson ne, namiji, mutumin Ingila da ya yi aiki a Kew, babban lambun binciken tsirrai da ke Landan. Dalziel kuwa likita ne da ya yi aiki a Arewacin Najeriya, shi ne ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga su a 1916. Tamu Hutchison ce, babu harafin "n" a tsakiyar sunanta, kuma aikinta na arewa ne, inda ƙanƙara take.

An haife ta ranar 30 ga Mayu, 1889, a wani katafaren gida da ake kira Carlowrie, kusa da ƙauyen Kirkliston, yamma da birnin Edinbara. Ita ce ta uku cikin 'ya'ya biyar. Mahaifinta Thomas Hutchison attajiri ne mai son lambu, a wurinsa ta fara sanin sunayen tsirrai da yadda ake renonsu. Ya rasu a 1900 tana yarinya. A 1912 ƙaninta Frank ya rasu wajen hawan dutse, a 1915 kuma Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ci ɗan uwanta Walter. A 1917 ta shiga kwalejin koyon aikin lambu ta mata da ke Studley a Ingila. Ba ta yi digirin jami'a a ilimin tsirrai ba, kuma ba ita ke raɗa wa sababbin tsirrai suna ba. Aikinta shi ne ta isa inda tsiron yake, ta ɗauko shi yadda ya kamata, ta kawo shi ga masanan da ke zaune a ɗakunan bincike. Kada kowa ya raina wannan matsayi, domin masanin da ke Kew ba ya iya gyara samfurin da aka ɓata tun a daji.

Da ƙafa ta fara. A 1924 ta taka tsibiran Hebrides na yammacin Sikotland, ta rubuta labarin tafiyar, mujallar National Geographic ta saya, kuɗin kuma suka taimaka mata zuwa Aisland a 1925. A can ta taka daga Reykjavik zuwa Akureyri, kimanin mil 260, bayan an gaya mata cewa ba za ta iya ba. Daga nan idonta ya koma kan Girinland.

A wancan zamani Girinland rufaffiyar ƙasa ce. Gwamnatin Denmak ke mulkinta, kuma ba ta barin baƙo ya shiga sai da izini na musamman, saboda tsoron cututtukan da baƙi ke kawo wa mutanen ƙasar da kuma kare cinikin da gwamnati ta riƙe a hannunta. Ɗan yawon buɗe ido ba ya samun izinin nan, mai bincike ne ke samu. Nata izinin ya fito ne a kan cewa tattara tsirrai za ta je yi. A 1927, tana da shekara 38, ta tashi daga Kofenhagen a jirgin ruwa, ta taɓa Angmagssalik a gabas, sannan ta zauna a kudancin ƙasar, wajen Julianehaab da Nanortalik. Ta shiga mashigin tekun Tasermiut a cikin umiyak, wato babban kwalekwalen da ake ɗinka fatun dabbobin teku a kan ƙashin katako, wanda bisa al'ada mata ne ke tuƙa shi. Dalilin da ya sa mai tsirrai zai nufi wannan yanki shi ne, a kwarurukansa masu kariya daga iska ne kawai bishiyar Betula ke miƙewa ta wuce tsayin mutum a duk faɗin Girinland. A 1928 ta koma, wannan karon arewa, garin Umanak da ke sama da digiri 70, ta yi shekara guda cur. A can rana kan ɓace kusan wata uku a lokacin sanyi. Ta koyi harshen Denmak da na mutanen Girinland, ta zauna cikinsu.

Yanzu mu tsaya a kan ƙasar kanta, don idan ba a gane ta ba ba za a gane wahalar aikin ba. Duk Girinland, da girmanta, nau'in tsirrai masu jijiya, wato masu saiwa da kara da ganye, da ke cikinta kimanin 500 ne. Ƙarƙashin ƙasa a daskare yake shekara da shekaru, samansa kawai ke narkewa a lokacin ɗumi, sau da yawa bai kai zurfin mita ɗaya ba. Saiwa ba ta nitsewa, sai ta bazu gefe. Tsiro ba ya ɗaga kai saboda iska mai ɗauke da ɓarɓashin ƙanƙara tana aske duk abin da ya leƙo sama da dusar da ta rufe shi. Shi ya sa za ka ga Salix arctica, wadda danginta bishiyoyi ne a wasu ƙasashe, tana rarrafe a ƙasa kamar yaɗo, alhali ta shekara hamsin ko fiye. Silene acaulis kuma takan dunƙule ta zama kamar gammo, don ta riƙe ɗumi a cikinta. Lokacin toho da fure da zuba iri duka makonni ne, shida zuwa goma. Saxifraga oppositifolia tana buɗe furenta mai ruwan shuni tun dusar ƙanƙara ba ta gama narkewa ba. Wanda ya iso da jinkirin mako biyu ya rasa ta sai baɗi. Ga shi kuma jirgin da zai kawo ka ba ya bin kalandar fure, ƙanƙarar teku yake bi. Wannan shi ne amfanin zaman shekara guda da ta yi a Umanak: tana nan tun kafin furen farko, tana nan har iri ya nuna.

To, mene ne aikin a aikace? Kayan mai tattara tsirrai na zamaninta ba su da yawa. Akwai ƙaramar wuƙa ko magirbi na tono, akwai gwangwani mai murfi da maratayi wanda ake zuba tsiron a ciki da ɗan danshi don kada ya yi yaushi kafin a koma masauki, akwai littafin rubutu da fensir, sai allon matsi. Fensir nake cewa da gangan. Tawada tana daskarewa a sanyi, tana kuma zuba idan takarda ta jiƙe, rubutun fensir kuwa yana nan ko bayan shekara ɗari.

Allon matsi katako ne guda biyu masu tagogi, kowanne kimanin santimita 45 a tsaye, 30 a kwance, da maɗauri biyu. An zaɓi wannan girma ne saboda takardar da za a manna samfurin a kai daga ƙarshe tsawonta kusan santimita 42 ne, faɗinta tsakanin 26 da 29, gwargwadon gidan ajiyar busassun tsirrai da za a kai shi. Abin da ya fi haka tsawo sai a lanƙwasa shi tun yana ɗanye, ya yi siffar harafin V ko N. Idan aka bari ya bushe sannan aka lanƙwasa, karyewa zai yi. Jerin kuwa haka yake: katako, kwali mai ramuka don iska ta ratsa, takarda mai shan ruwa, sannan ninkakkiyar jarida da tsiron a cikinta, sai wata takarda mai shan ruwa, sai kwali, a yi ta maimaitawa har a rufe da katako na biyu, a durƙusa a kai a ja maɗauri.

Tsiron da za a sa dole ya zama cikakke. A ƙananan tsirrai irin na can, ana tono shi duka ne da saiwarsa, a kakkaɓe ƙasar. Ganye kaɗai ba ya isa a gane nau'i, sai da fure ko 'ya'ya, in da hali duka biyun. A juya ganye ɗaya ko biyu bayansu ya kalli sama, domin gashin da ke bayan ganye sau da yawa shi ke raba nau'i da nau'i, kuma da zarar an manna samfurin ba mai sake juya shi. A buɗe fure ɗaya a ga cikinsa. Idan tsiron ƙarami ne, a ɗebi da yawa su cika takardar, manya da ƙanana, don a ga iyakar bambancinsu. Amma akwai ƙa'ida: inda ka ga ƙwaya ɗaya ko biyu kacal, bar su. Wasu masu tattarawa suna cewa kada a cire ɗaya sai an ƙirga ashirin a wurin. A ƙasar da tsiro ke shekara goma kafin ya yi furen farko, wannan ƙa'ida ba abin wasa ba ce.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen busarwa. Takardar shan ruwa tana jiƙewa cikin dare ɗaya. Dole a canja ta bayan awa 24 na farko, a ci gaba kullum har kwana uku ko huɗu, sannan a koma bayan kwana bibbiyu. Jaridar da tsiron ke ciki ba a canja ta, ana ɗaga ta ne gaba ɗaya a mayar tsakanin busassun takardu. A canjin farko ne kawai ake buɗe ta a gyara ganyen da ya naɗe, saboda a lokacin ya yi laushi, yana bin hannu. Kullum kuma a ƙara jan maɗauri, domin tarin yana raguwa yayin da ruwa ke fita, in ya yi sako-sako ganyen zai yamutse. Ba tare da wuta ba, aikin kan ɗauki mako ɗaya zuwa kwana goma. Da ɗumi mai sauƙi, kamar digiri 35 zuwa 45, kwana biyu ko uku sun isa. In zafin ya wuce kima, samfurin zai dahu, ya yi baƙi, ya riƙa farfashewa. In kuma an yi sakaci da canjin takarda, fumfuna za ta kama shi, ganyen ya zube daga kara, furen ya zama wani abu mai yauƙi da ba a gane komai a jikinsa. Yadda ake gane ya bushe: a ɗaga shi, in ya tsaya ƙyam bai langaɓe ba, sannan a kai shi kusa da leɓe, in an ji sanyi to da sauran ruwa.

Ku lura, takardun da aka cire a jiƙe su ma sai an shanya su kafin gobe. Wanda ke da samfuri ɗari a matsi yana da takarda ɗari biyu da zai busar kowace rana. Ku kwatanta wannan a cikin tanti, ko a ɗaki guda da murhu ɗaya da kowa ke buƙata, ga hazo a waje, ga sauro, don lokacin ɗumi a Girinland da Alaska sauro ne kamar hayaƙi. Wannan ne aikin da ke jiran mai tattarawa kowane dare bayan ya yini yana hawan duwatsu. Mu a nan matsalarmu takan juya: da hunturu samfuri yana bushewa da sauri har ya yi ƙamas, da damina kuwa fumfunar nan ce dai, ga ƙwari.

Wasu tsirran suna da nasu halin. Masu kaurin ganye da ke ajiye ruwa, irin su Rhodiola rosea, ba sa mutuwa a cikin matsi, suna ci gaba da girma, su fito da sabon toho fari, su zubar da ganye. Sai an kashe su tukuna, a tsoma a tafasasshen ruwa na ɗan lokaci ban da furen, ko a tsaga su biyu. Masu dunƙulewa kamar gammo ana yanka su ne fale-fale daga sama zuwa saiwa, in ba haka ba za su hana maƙwabtansu matsuwa. Dangin Salix suna da wuya ta wata fuskar: namiji daban, mace daban, kuma da yawansu suna fure kafin ganye ya gama fitowa. Don haka ana ɗaura wa tsiron alama, a ɗebi furen yanzu, a dawo bayan makonni a ɗebi ganyen a jikin wannan tsiron dai. Wanda ya haɗa furen wani da ganyen wani ya ƙirƙiro tsiron da babu shi a duniya, kuma an sha yin haka. Ciyayi dangin Carex, waɗanda suna da yawa ƙwarai a can arewa, ba a gane su sai da nunannun 'ya'ya da kuma sashen da ke ƙarƙashin ƙasa. Furen Papaver radicatum kuwa, fatarsa siririya ce, tana zubewa cikin awa kaɗan da tsinkewa, don haka a wurin ake matse shi, ba a jira a koma gida. Kuma ruwan ɗorawarsa yakan juye ya yi kore-kore idan ya bushe.

Wannan ya kawo mu ga littafin rubutu, wanda a ganina shi ne rabin aikin. Launi yana gushewa, ƙamshi yana gushewa, tsayin tsiro da yanayin wurin ba sa shiga cikin matsi. Duk sai an rubuta su a take. Kowane tsiro da aka ɗauka yana da lamba, lambar nan a rubuta ta a littafi, a rubuta ta a jikin jaridar. Ƙarƙashinta a sa kwanan wata, sunan wuri yadda wani zai iya komawa, tsayin wurin daga teku, irin ƙasar, ko tsakuwa ce ko fadama, gangaren yana kallon kudu ko arewa, da me tsiron ke zaune, yana da yawa ko ɗaiɗai ne, launin fure, da sunan da mutanen wurin ke kiransa da amfanin da suke yi da shi. Misali, mutanen Girinland suna kiran Chamaenerion latifolium da suna niviarsiaq, wato budurwa, kuma shi ne furen ƙasarsu a yau. Cassiope tetragona kuma makamashi ne a wurinsu, yana da ƙaro, yana kama wuta ko da ɗanye. Wanda bai iya harshen mutane ba ba zai samo irin wannan bayani ba, kuma a nan zaman Hutchison cikin jama'a ya yi mata rana. Idan aka ɗebi tsiro ɗaya kashi uku don a raba wa gidajen ajiya uku, duka ukun lamba ɗaya suke ɗauka. Samfurin da ya rabu da lambarsa kuwa ya tashi daga hujjar kimiyya, ya koma harawa.

Tattara iri wani fanni ne. Sai ya nuna, alamar kuwa kwanson ya fara tsagewa da kansa. A zuba a ambulan takarda, kada a sa a gwangwani ko wani abin da ba ya numfashi, domin iri mai danshi a rufe zai yi zafi ya ruɓe. Akwai wata ƙa'ida da masu ajiyar iri ke aiki da ita: duk raguwar danshin iri da kashi ɗaya cikin ɗari, da duk saukar zafi da kimanin digiri biyar, kowannensu yana ninka tsawon rayuwarsa. Kuma ko irin ya isa Sikotland lafiya, ba a gama ba. Da yawa ba sa tsirowa sai sun sha sanyi na makonni. In sun tsiro, abin da ke kashe su a lambun Birtaniya shi ne ruwan sanyi da ke kwanciya a gindinsu, domin a gida a bushe suke kwana ƙarƙashin bargon dusar ƙanƙara. Tsawon yini ma ya bambanta, tsiron da ya saba da rana ba faɗuwa yakan ƙi fure a inda dare ke yi kullum.

Mu koma ga tafiyarta mafi tsawo. A 1933 ta shiga jirgin dakon kaya daga Manchester, ya ratsa mashigin Panama zuwa Vancouver. Daga nan ta haura Skagway, ta bi kogin Yukon ta Dawson, ta isa Fairbanks, ta hau jirgin sama zuwa Nome, inda ta yi tattara sosai a lokacin furanni. Burinta tsibirin Herschel ne a arewacin Kanada. Ta sami gurbi a wani ƙaramin jirgin 'yan kasuwa mai suna Trader, suka ratsa mashigin Bering har Barrow, ƙarshen arewacin Alaska. Daga can ta shiga wani jirgin, Hazel, tare da wani ɗan kasuwa haifaffen Estoniya mai suna Gus Masik. Ƙanƙara ta tare hanya, tafiyar ruwa ta ƙare a Martin Point inda Masik ke da ɗakinsa. Akwai wani tsakanin lokaci a can da ba a tafiya ko ta yaya: teku ta yi ƙanƙarar da jirgi ba ya ratsawa, amma ba ta yi kaurin da za ta ɗauki keken da karnuka ke ja a kan ƙanƙara ba. Ta yi kusan mako bakwai tana jira. Da ƙanƙarar ta yi ƙarfi, Masik ya kai ta Herschel a keken karnuka, daga nan 'yan ƙasa suka yi mata jagora har Aklavik a bakin kogin Mackenzie. A farkon 1934 ta fito ta jirgin sama. Ku tuna, duk tsawon wannan hanya akwai ƙunshin busassun tsirrai da dole a kare daga ruwan gishiri, domin igiyar ruwa ɗaya da ta faɗo cikin jirgi ta isa ta shafe aikin wata uku.

A shekarar 1934 ɗin ce Ƙungiyar Nazarin Ƙasa ta Sikotland ta ba ta lambar yabo ta Mungo Park, ita ce mace ta farko da ta karɓe ta. Sunan ba baƙo ba ne a gare mu: shi ne ɗan Sikotland ɗin da ya bi kogin Kwara ya mutu a Bussa a 1806.

A 1936 ta nufi tsibiran Aleutian, jerin tsibirai masu aman wuta da suka miƙe kimanin kilomita 1,900 daga Alaska suna nufar Kamchatka ta Rasha. Jirgin masu gadin gaɓar tekun Amurka mai suna Chelan ya ɗauke ta har Attu, tsibiri na ƙarshe. Ga masanin tsirrai wannan wuri yana da daraja ta musamman, saboda matakala ce tsakanin nahiyoyi biyu. Akwai tsirran Asiya da suka tsallako suka tsaya a tsibiran yamma, akwai na Amurka da suka tsaya a na gabas, kuma sanin inda kowanne ya tsaya yana buƙatar samfuri daga tsibiri zuwa tsibiri, da sunan wurin daidai. A 1937 ne masanin Suwidin Eric Hultén ya fito da kalmar Beringia, yana nufin busasshiyar ƙasar da ta taɓa haɗa Saiberiya da Alaska lokacin da teku ta janye. Irin wannan fahimta daga taswirar yaɗuwar tsirrai aka gina ta, taswirar kuwa ɗigo-ɗigo ce, kowane ɗigo samfurin wani mai tattarawa. Aiki a tsibiran nan yana da nasa ciwon kai. Babu bishiya, hazo da yayyafi kusan kullum, kuma jirgi kan tsaya na awoyi ne kawai. Sai a ɗebi duk abin da ke da fure da sauri, a cika gwangwani, a yi matsin a cikin jirgi. Masu tattarawa a jiragen ruwa sukan nemi alfarmar ɗakin inji don shanya takardu, saboda nan ne kaɗai wuri mai ɗumi da bushewa. Shekara shida bayan ziyararta, a 1942, sojojin Japan suka kama Attu suka kwashe mutanen ƙauyen zuwa Hokkaido. Da yawa sun mutu a can, waɗanda suka rayu kuma ba a bar su sun koma tsibirinsu ba. Abin da ta rubuta game da ƙauyen ya zama cikin shaidun ƙarshe na rayuwarsa.

Ba tsirrai kaɗai ta kawo ba. Ta sayo kayan amfanin yau da kullum na mutanen arewa don gidajen tarihi a Kambirij da Sikotland, ta yi zane da fenti, ta ɗauki fim, ta wallafa littattafan tafiye-tafiyenta da waƙoƙi, ta yi laccoci ɗaruruwa. Da kuɗin rubutu da lacca take cike giɓin kuɗin tafiya. Abu ɗaya da ke damuna a tarihin wannan sana'a baki ɗaya shi ne, takardar bayanin samfuri suna ɗaya take ɗauka, na mai tattarawa. Waɗanda suka tuƙa umiyak, da waɗanda suka kora karnuka, da wanda ya nuna kwarin da furen yake, ba su da gurbi a takardar. A yau ana rubuta sunan duk wanda aka yi aikin da shi, kuma ina roƙon ɗalibanmu su riƙe wannan idan mafarauci ko mai maganin gargajiya ya raka su daji.

Jami'ar St Andrews ta ba ta digirin girmamawa a 1949. Ta yi shekaru tana editan mujallar Ƙungiyar Nazarin Ƙasa ta Sikotland, daga baya ta zama mataimakiyar shugabanta. Ba ta yi aure ba. Ciwon gaɓoɓi ya kama ta a ƙarshen rayuwa, ta rasu ranar 20 ga Fabrairu, 1982, a gidan da aka haife ta, tana da shekara 92. Takardunta suna Ɗakin Karatu na Ƙasa na Sikotland, tsirranta kuma suna Kew, da lambun tsirrai na Edinbara, da Gidan Tarihin Halittu na Landan.

Me ake yi da su yanzu? Ma'ajiyar busassun tsirrai ta Kew tana da samfuri kimanin miliyan bakwai, ta Edinbara kimanin miliyan uku, kuma ana ta ɗaukar hotonsu ana sawa a intanet. Yankin arewacin duniya yana ɗumama kusan ninki huɗu na saurin sauran duniya tun daga 1979. Mai son ya san ko furanni sun fara buɗewa da wuri fiye da da, yana buƙatar shaidar ranar da suka buɗe shekara casa'in da suka wuce, kuma takarda mai ɗauke da fure a buɗe, da kwanan wata, da sunan wuri, ita ce shaidar. Ana kuma yanke ɗan guntun ganye a ciro ƙwayoyin gado, kuma a nan ingancin busarwa ke fitowa fili, don samfurin da ya bushe da sauri ba tare da ya dahu ba ya fi bayarwa. Har ƙananan ƙofofin numfashi da ke bayan ganye ana ƙirgawa. A 1987 Ian Woodward ya nuna, daga tsofaffin samfura, cewa yawansu ya ragu a bishiyoyin Birtaniya yayin da iskar kabon ke ƙaruwa a sararin sama.

Ga waɗanda za su taɓa irin waɗannan tsofaffin takardu, a can ko a ma'ajiyarmu ta Ibadan ko ta Zariya, akwai ladabin riƙe su. Ana ɗaga takarda ne a kwance da hannu biyu, ba a juya ta kamar shafin littafi, ba a kuma zame ɗaya a kan ɗaya. Duk ɓarɓashin da ya faɗo, ko ƙwayar iri ɗaya ce, a sa shi a ɗan ambulan da ke manne a kusurwar takardar. Ba a goge tsohon suna ko da kuskure ne, sai a manna sabuwar 'yar takarda da sunan da aka gyara, da sa hannu, da shekara. A zamanin da ana shafa wa samfura gubar zaiba don kashe ƙwarin da ke cin busasshen fure, gubar kuwa tana nan a jikin takardar har yau, saboda haka ba a cin abinci a ɗakin, kuma a wanke hannu bayan an gama. Yanzu sanyi ake amfani da shi: a ƙulle ƙunshin a leda, a sa a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili ko fiye na tsawon mako guda, in an fito da shi kuma kada a kwance ledar sai ya huce ya dawo daidai da zafin ɗaki, in ba haka ba raɓa za ta sauka a kan samfurin ya sake jiƙewa.

Shugaba, a nan zan dakata, sai mu shiga tambayoyi. Wassalamu alaikum.